Jiran Jirgin Ruwa a Guangzhou

Mutumin da aka ce zai tarbe ni a tashar jirgin ƙasa ta Guangzhou bai zo ba. Na tsaya a bakin ƙofa da akwatina da jakar littattafai, gumi na bin bayana har cikin wando. Ban taɓa ganin taro irin wannan ba, ko a Kantin Kwari ana gobe Salla. Wasu na zaune a kan buhunansu, wasu na barci a ƙasa, kuma duk wanda ya ɗaga ido ya gan ni sai ya zunguri na kusa da shi. Wani dattijo har ya matso ya shafa hannuna, sannan ya duba yatsansa ko baƙin ya fita.

Direban tasi na farko ya kalli takardar adireshina ya girgiza kai ya ce, "Meyo." Na biyu ma haka. Kalmar Sinanci ta farko da na koya ke nan, ma'anarta babu. A ƙarshe wata tsohuwa mai sayar da dafaffiyar masara ta karɓi takardar, ta tsai da mai babur, ta yi ta yi masa faɗa da yarensu har ya ɗora akwatina a kan tanki, ni kuma a baya. Da na waiwaya in yi mata godiya, ta riga ta koma kan masararta.

Sunana Nasiru, mutumin Haɗeja ne ni. Kifin fadamarmu na karanta a jami'a, a kansa na yi digiri na biyu, har na fara koyarwa. Sai wata rana a wani taro a Legas aka nuna mana hotunan halittun da ke zaune a can ƙasan teku, inda hasken rana bai taɓa kaiwa ba: wasu ba su da ido, wasu jikinsu garai-garai kamar gilashi. Tun daga ranar hankalina bai koma kan tarwaɗa da karfasa ba. Da gurbin karatu na ƙasar Sin ya fito a ƙarshen shekarun casa'in, na nema aka ba ni. Na bar matata Bilkisu da ciki a gidan iyayena, na ce mata shekara uku ce.

Shekarar farko gaba ɗaya a ajin koyon harshe ta tafi. Ni da na saba ɗalibai su yi tsit in na shiga aji, sai ga ni a kan benci ina maimaita "ma, ma, ma, ma" da murya iri-iri, wata yarinya sa'ar ƙanwata tana gyara min baki. Na ɗauka Hausa za ta taimake ni tunda mu ma muna da hawa da saukar murya. Ta taimaka kaɗan. Amma in na fita titi da abin da na koya, sai in tarar mutanen garin wani yaren daban suke yi tsakaninsu. Ga wani lokaci bayan sanyi da bangon ɗaki ke gumi, ruwa na gangarowa kamar ana watsa masa. Wanki ba ya bushewa. Takalmin fata da na zo da shi don Juma'a ya yi fumfuna fari fat a ƙarƙashin gado. Abincina kuwa shinkafa da ƙwai, sai taliya a shagon wasu Musulmi masu farar hula, waɗanda ba ma jin maganar juna sai sallama.

A masallacin da ke kusa da tashar jirgin ƙasa na fara jin Hausa. Ana cunkoson fita bayan Juma'a, sai na ji an ce a bayana, "Kai, wannan mutum ya taka min ƙafa ko sannu babu." Na juya da sauri har na kusa faɗuwa. Wani gajeren mutum ne mai tumbi da jar dara. Na ce, "Sannu Alhaji, a madadinsa." Ya buɗe baki, sannan ya rungume ni kamar ɗan ɗakinsu. Shi ne Alhaji Mudi, ɗan kasuwar yadi daga Kano. Da Bangkok yake zuwa, sai kasuwa ta juya, ya biyo kaya har inda ake yin su. A wani otal a kan titin Liuhua yake sauka, kuma daga ranar na zama tafintansa duk lokacin da ya shigo gari.

Muna cikin kasuwar tufafi ta Shahe wata rana, tsakanin dilolin kaya, ya ce, "Malam, me ma ka ce kana karantawa?"

Na ce, "Halittun ƙasan teku, Alhaji."

"Kifi ke nan."

"Ba kifi kaɗai ba. Tsutsotsi, da ƙananan jatan lande, da sauransu."

"Ana ci?"

"Ba a ci."

"Ana sayarwa?"

"A'a."

Ya dube ni na ɗan lokaci da tausayi, sannan ya ce, "To, Allah ya sa albarka. Tambayar min lawban, mai shagon nan, ko yana da irin wannan yadin a ruwan toka."

Shi ne ya kawo min kaset daga gida a zuwansa na gaba. Na ari rediyo na kulle ƙofa. Muryar mahaifina ta fara, da addu'o'i, sai mahaifiyata, sai Bilkisu tana magana ƙasa-ƙasa don akwai mutane a kusa. Ta ce ta sauka lafiya, mace ce, an sa mata sunan mahaifiyata, ana ce mata Ummi. Daga nan aka kara rediyon kusa da jaririyar. Ba ta yi kuka ba, wani ɗan atishawa kawai ta yi, mata suka fashe da dariya. Na yi ta mayar da wurin nan baya har zaren kaset ɗin ya fara ja.

A shekara ta biyu na koma cibiyar binciken teku, hannun Farfesa Liang. Dogo ne siriri, yatsunsa sun yi rawaya don sigari, Turancinsa a hankali kamar yana ɗauko kowace kalma daga saman kabad. Ya zagaya da ni ɗakin ajiya, kwalabe jere har rufi, kowace da abin da aka tsamo daga teku yana shawagi cikin ruwan magani. Ya ce, "Waɗannan na wasu ne. Kai sai ka ɗebo naka. Jirginmu sau ɗaya yake fita zurfi a shekara, kuma baƙo ba ya hawa sai da izini. Na nema maka." Na kwana biyu ban ji yunwa ba don murna.

A lokacin ne Sabitu ya shigo rayuwata. Sa'ana ne, ɗan Kano, mai fara'a, ko da yaushe takalminsa na ƙyalli. Yana yi wa 'yan kasuwa hidimar haɗa kaya da tura su. A ɗakin Alhaji Mudi muka haɗu, ya dafa mana shinkafa da wake da mai da yaji a kan ƙaramin risho, na ci har hawaye na zubo min, ban san ko na yajin ba ne. Bayan 'yan makonni ya same ni ya ce, "Malam Nasiru, wata alfarma ce. Na samu ɗaki a unguwar Dengfeng, amma mai gidan ya ce sai mai takardar zama ta shekara. Tawa ta wata-wata ce. Sunanka kawai za a sa. Kuma ka ga kai ma ka samu inda za ka riƙa zuwa cin tuwo." Muka je tare, na miƙa takardata, aka rubuta. Na ci tuwon sau biyu ko uku, da miyar kuka ta gaske.

Ana sauran kwanaki kaɗan jirgi ya tashi, ina ɗaure rariyoyin tace lakar teku a cikin akwati, sai ga 'yan sanda biyu a ƙofar ɗakin bincike. Duk wanda ke wurin ya sunkuyar da kai kan aikinsa. Ashe Sabitu ya cika ɗakin nan da mutanen da bizarsu ta ƙare, yana kwantar da su kamar kifin gwangwani. Da aka kai samame bai nan, kuma sunana ne a takardar haya. Aka zaunar da ni a wani ɗaki mai fanka tun safe har la'asar, tambaya ɗaya ake juya min: su waye, daga ina, me nake samu. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya taɓa ni, har shayi aka ba ni. Amma da za su sallame ni, suka riƙe fasfona da takardar zamana, suka ce sai an gama bincike.

Ranar da jirgin ya tashi na je bakin kogi na tsaya. Farin jirgi ne, tsatsa ta ci gefensa. Na ga akwatin rariyoyin da na ɗaure da hannuna ana ɗaga shi sama. Farfesa Liang ya hango ni, ya ɗaga hannu sau ɗaya, ya shige ciki.

Da Alhaji Mudi ya ji labari, ya zo har ɗakina, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna a bakin gado ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya ce, "Malam, a ɗakina ka san yaron nan. Wallahi kunyarka nake ji. An ce ya tsallaka Hong Kong." Na ce ya bar shi, ya wuce. Bai wuce ba, amma me zan ce wa dattijo da ya hawo bene hawa shida yana haki? Bayan wata biyu aka maido min da takarduna, ba tare da ko kalma ɗaya ba.

Shekarar nan a ɗakin kwalabe na yi ta. Aikina in tace lakar da wasu suka ɗebo, in zauna a kan madubin ƙara girma da ɗan hantsaki ina tsince abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya: wannan tsutsa, wannan ƙwanso, wannan gutsuren ƙafar wani abu. Warin fomalin, maganin da ake adana halittun a ciki, ya shiga kayana da gashina, idona kullum ja. A tebur na kusa da ni akwai wata ɗaliba, Lin, 'yar wani ƙauyen masunta, ba ta da yawan magana. Ita ce kaɗai ba ta canja min fuska ba bayan zuwan 'yan sanda. Da azumi ya zo ta lura ba na zuwa cin abincin rana, ba ta tambaye ni ba, sai kawai ta daina ci a teburinta, ta riƙa fita waje. Wani lokaci in zan tashi sai in tarar da lemo biyu a kusa da jakata.

Shekara ta zagayo, na sake ɗaure rariyoyi. Wannan karon Farfesa ne ya kira ni ofis, ya kunna sigari, ya daɗe yana kallon taga. Ya ce bana jirgin zai je wani yanki ne da ba a yarda baƙo ya shiga ba. Ba laifina ba ne, ba kuma nasa ba. Na ce, "Farfesa, shekarata ta uku ke nan. Ban taɓa ganin ruwan da na zo karantawa ba." Ya ce, "Na sani." Ya ce zai nemi a ƙara min shekara.

A wani shagon waya a Dengfeng nake kiran gida. Babu waya a gidanmu, sai Bilkisu ta je gidan kawunta a ranar da muka ajiye. Na gaya mata.

Ta ce, "Baban Ummi, uku ka ce."

Na ce, "Uku na ce, Bilki."

"Yarinyar nan ta fara zuwa Islamiyya. Jiya ta nuna hoton bikinmu ta ce wai wane ne wannan da ya tsaya kusa da ni."

Na tambaye ta lafiyar Inna, ta ce lafiya, muka yi sallama kamar maƙwabta.

A shekara ta huɗu izini ya fito. Ban yi murna ba sai da na ji ƙarfen jirgin a ƙarƙashin ƙafata, kuma na ga an kwance igiya. Muka gangara kogin, ruwansa ja-ja kamar na Haɗeja da damina, muka wuce masana'antu da kwale-kwalen yashi, har ƙasa ta ɓace. Washegari ruwan ya koma shuɗi, irin shuɗin da ban san akwai shi ba, kamar an buɗe marinar Ƙofar Mata an malala ta iya ganin ido. Na tsaya ina kallo, sai cikina ya juya. Kwanakin farko ban san su ba. Ina kwance a wani gado mai kama da akwati, in na tashi amai, in na kwanta jiri. Mutumin da ya yi shekaru yana roƙon a sa shi a jirgi, ga shi yana roƙon Allah ya sauke shi.

Kukun jirgin ne ya tashe ni. Pan sunansa, tsoho mai haƙori ɗaya na ƙarfe. Ya shigo da kwano yana tururi, kunun shinkafa ne da citta da ɗan kifi. Na kawar da kai, don na san abin da ake dafawa a tukwanensu. Ya fita ya dawo da wata ƙaramar tukunya sabuwa fil, takardar kanti na manne a gindinta, ya kara min a fuska, ya nuna ta ya nuna ni. Ashe tun a gari Lin ta gaya masa, ya sayo ta musamman. Na sha kunun nan, ya zauna a cikina. Daga baya da ya ga ina fama da neman alƙibla, jirgi na ta juyawa, sai ya riƙa leƙowa daga tagar kicin ya nuna min yamma da ludayi, don a can alƙibla yamma take.

Aikin kansa jira ne. Akwai wani ƙaton akwatin ƙarfe mai baki, ana ɗaure shi da igiyar ƙarfe a sake shi ƙasa. Sai ya yi sa'o'i yana tafiya kafin ya taɓa ƙasa, ya cizo laka, sannan inji ya yi wasu sa'o'in yana jawo shi. Kai kuma kana tsaye a rana kana kallon igiya na shiga ruwa. Masu auna gishiri da zafin ruwa su ne da rabo mai yawa na lokacin jirgi, mu masu laka sai abin da ya rage. A wurare marasa zurfi sosai mun samu. Amma kundin digirina a kan zurfin gaske aka gina shi, kuma a can ne abin ya ƙi. Karo na farko akwatin ya dawo baki buɗe, wayam. Karo na biyu ya rufe a karkace, lakar ta zube a hanya, sai ruwa ya iso mana. Karo na uku igiyar ta harɗe a inji, ma'aikata suka wuni suna warware ta suna zage-zage.

Suna gamawa sai labari ya zo ta rediyo cewa guguwa ta taso daga gabas. Kyaftin ya ce a naɗe komai, gida za mu. Ina tsaye a ƙofar ɗakin tuƙi na ji su da Farfesa, da yaren garin suke yi, ban gane ko rabi ba. Ban taɓa jin Farfesa Liang ya ɗaga murya ba sai ranar. Ya fito fuskarsa ja, ya wuce ni, sannan ya tsaya ya ce, "Sau ɗaya. In ya dawo babu komai, shi ke nan."

Da hantsi aka saki akwatin. Iska ta fara kaɗawa, ruwan ya canja launi ya koma toka-toka, jirgin na hawa yana sauka. Na yi azahar a tsaye, riƙe da ƙarfe. Ban roƙi komai ba, na gaji da roƙo, na dai ce Allah ka gani. Wajen la'asar akwatin ya fasa ruwa yana lilo, mutum huɗu suka kama shi da ƙugiya. Bakinsa a rufe. Da aka buɗe murfin sama, ga laka cike, samanta lumui, ko motsuwa bai yi ba.

Na zura hannu. Sanyi ya kama ni har gwiwar hannu, kamar na sa shi cikin ƙanƙara, alhali gumi na ɗiga daga haɓata. Laushinta kamar man shanu. Ni da Lin muka durƙusa muna tacewa da ruwan sanyi, igiyar ruwa na watso mana, rariya na zamewa muna kamowa. Tsutsotsi suka fito, da wani tauraron teku mai siraran hannuwa. Sai a ƙasan rariya ta ƙarshe na ga wasu 'yan abubuwa guda uku suna motsi. Na kwashe su da cokali na ruga ɗakin bincike, na ɗaure madubi da igiya don kada ya faɗi.

Dangin jatan lande ne, amma ban taɓa ganin irinsu a kwalba ko a littafi ba. Babu ido ko alamarsa. Jikin fari, ana hango cikinsa, ƙafafun gaba dogaye masu gashi kamar tsintsiya, ɗaya daga cikin halittun tana ta share ruwan da su a hankali, tana neman abinci a cikin faranti, ba ta san an raba ta da gida ba. Na kira Farfesa. Ya duba, ya daɗe, jirgi na jefa mu hagu da dama. Ya ɗago ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. Sannan ya ce, "Ban san wannan ba." A bakinsa babu yabon da ya fi wannan. Kafin magariba duka ukun sun daina motsi, zafin duniyarmu ya fi ƙarfinsu. Na sa su a kwalba, na rubuta wuri da zurfi, na zauna a ƙasa na jingina da kabad. Na ɗauka zan yi kuka ko dariya. Barci ne ya ɗauke ni.

Wutsiyar guguwar ta bi mu har bakin kogi. Da na sauka, sai da na yi kwanaki ƙasa na tangaɗi a ƙarƙashina.

Farfesa ya zaunar da ni ya yi min bayani, ko da yake na riga na sani. Kafin a ce wa duniya ga sabuwar halitta, sai an feɗe ta a ƙarƙashin madubi, an zana kowace ƙafa da kowane gashi, an aika ƙasashe a aro danginta a gwada. Aikin shekara ne, in an yi sauri. Ya ce, "Ka zauna. Zan samo maka tallafi. Sunanka zai kasance a kanta muddin ana karatun teku."

A makon ne Alhaji Mudi ya shigo gari. Muka zauna a shagon masu farar hula, ya yi ta juya taliya bai ci ba. Can ya ce, "Malam, na biya ta Haɗeja. Iyalinka ta koma gidansu."

Na ajiye cokali.

Ya ce, "Ba yaji ta yi ba, kada ka ɗauka haka. Da izinin mahaifinka ta tafi, ta samu koyarwa a firamaren unguwarsu. Amma ni dattijo ne, na ga fuskar mahaifinta. Mutane sun fara magana. In kana da abin yi, ka yi shi yanzu."

Na kira Bilkisu ranar da muka saba. Na fara ba ta labarin akwatin da lakar da abin da na samu. Ta saurara har na gama. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Na taya ka murna, da gaske nake." Sai na ce akwai maganar ƙarin shekara.

Ta ce, "Baban Ummi, ba zan ce maka kada ka zauna ba. Amma ba zan sake cewa ina jira ba, don bakina ya gaji da faɗa, kuma ba na son in yi maka ƙarya. Ka yi abin da ka ga ya fi. In ka zo, ka same mu yadda ka same mu."

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi min sauƙi.

Na fito na bi titi a ƙafa, ta gaban masu canji da masu tura kaya a baro, har na isa cibiya. Ban tsaya shawara da kowa ba. Na ɗauko kwalbar na ajiye a teburin Lin. Ta dube ta, ta dube ni.

Na ce, "Ke za ki yi. Tare muka tace."

Ta ce, "Taka ce. Shekara huɗu ka jira ta."

Na ce, "Akwai waɗanda suka jira ni shekara huɗu su ma."

Ta jawo kwalbar gabanta da hannu biyu, yadda suke karɓar abu daga wanda suke girmamawa. Farfesa bai yi min faɗa ba. Ya ce kawai, "Kash," da irin nasu furucin, ya kashe sigarin da bai kai rabi ba. Na haɗa kundina da abin da ya sawwaƙa, lakar wasu da tawa, na ambaci halittar a layi biyu a matsayin wadda ba a tantance ba. Kundi ne siriri. Ya wuce, ba tare da an tafa ba. Daga baya a rayuwa na hau wasu jiragen a tekun da ke kudu da ƙasarmu, na ɗebo laka mai yawa, na koyar da ɗalibai da suka fi ni. Amma ban sake sa hannu a rariya na ga abin da babu wanda ya sani ba.

Na isa Haɗeja da rana tsaka. Bayan na gaida iyayena na yi wanka, na tafi gidan su Bilkisu. Na durƙusa na gaida mahaifinta a zaure, ya amsa a taƙaice, ya ce in shiga. Tana zaune a tabarma a gindin bishiyar darbejiya tana duba littattafan 'yan aji. Ummi ta leƙo ta bayanta, ta kalle ni, ta koma ta ɓuya. Bilkisu ta kawo ruwa da abinci ta ajiye, ta koma gefe ta zauna. Ta ce na rame. Na ce ita ma.

Can ta ce, "To ina abin? Nuna min abin da ya riƙe ka."

Ba ni da kwalba, ba ni da hoton kirki, wanda na ɗauka a jirgi duk ya yi dishi-dishi. Sai na ɗaga hannu, na buɗe tsakanin babban yatsa da manuniya, kamar tsawon ƙwayar wake.

Ta ce, "Wannan?"

Na ce, "Wannan."

Ta daɗe tana kallon ɗan filin da ke tsakanin yatsuna. Ummi ma ta fito ta matso tana leƙawa, ko za ta ga wani abu a ciki. Sannan Bilkisu ta ja numfashi, ta tura min kwano gabana.

Ta ce, "Allah ya sa ya amfani wani. Ci abincinka, ya fara hucewa."